Mutum nawa ne a ƙauyen Eyam kafin annoba ta shigo?

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a fannin kiwon lafiyar al'umma. An ba mu aikin rubutu a kan wani ƙauye na Ingila mai suna Eyam, wanda aka ce mutanensa sun killace kansu lokacin annobar 1665 zuwa 1666. A wani wuri na karanta cewa su 350 ne, 83 kacal suka tsira. A wani wurin kuma an ce sun kai 800. Wanne zan ɗauka? Kuma mene ne asalin ƙauyen tun kafin annobar?

Amsa: Malama, ki ajiye 350 ɗin nan gefe. Mutanen Eyam a jajibirin annobar, wato cutar ɗa'un, suna tsakanin 700 da 800, waɗanda suka mutu kuma kusan 260 ne. Wato abin da ya tafi kimanin kashi ɗaya cikin uku ne na garin. Masu cewa kashi uku cikin huɗu sun gina lissafinsu ne a kan adadin da ba shi da tushe. Amma ba na son ki karɓa don kawai ni na faɗa, domin malaminki zai tambaye ki hujja. Kuma hujjar ba za ta zauna miki ba sai kin fara sanin irin ƙauyen, saboda haka da tambayarki ta biyu zan fara.

Sunan ana rubuta shi Eyam, masu garin kuwa "Iim" suke cewa. Yana lardin Derbyshire, cikin tuddan tsakiyar Ingila, kimanin mil 12 daga Sheffield, Landan kuma tana can kudu da nisan mil 150 ko fiye. An kafa shi a daidai inda duwatsu iri biyu suka haɗu: farar ƙasa ta kudu, wadda ke shanye ruwa, da wani dutse mai tsauri ta arewa wanda ya yi tudu a bayan garin. A irin wannan mahaɗa ruwa kan ɓuɓɓugo, shi ya sa ƙauyen ya miƙe dogo a gindin tudun, yana bin idanun ruwa. A 1588 har an jera komayen dutse a cikin gari ana janyo musu ruwa daga waɗannan maɓuɓɓugai, wasunsu suna nan har yau. Masana sunayen wurare sun ce kalmar daga tsohon Turanci ta fito, ma'anarta "a tsibirai". Ba teku a wurin. Abin da ake nufi shi ne 'yan filayen noma da ke tsakiyar dajin tudu, ko kuwa ƙasar da ke tsakanin rafuka biyu.

Mutane sun riga sunan zuwa wurin da dubban shekaru. A kan tudun da ke arewa da garin akwai da'irar duwatsu da ake kira Wet Withens, ta zamanin tagulla, da tsoffin kaburbura kewaye da ita. Rumawa sun haƙi dalma a wannan yanki, an kuma tono curin dalma masu tambarinsu a Derbyshire. A harabar cocin garin akwai gicciyen dutse mai sassaƙa, aikin ƙarni na 8 ko na 9, wanda ke nuna cewa a lokacin akwai jama'a zaune da suka isa a kafa musu irin wannan alama.

Lissafin farko da za ki iya riƙewa da hannu na 1086 ne. A shekarar Sarki William, wanda ya ci Ingila da yaƙi a 1066, ya sa aka bi ƙasar ana rubuta wanda ya mallaki me da abin da zai iya biya. Rajistar ita ce ake kira Domesday. A ciki ƙauyen ya fito da sunan Aiune, ƙasar sarki ce, da manoma 12 da masu 'yan ƙananan gonaki 7, garmar shanu 5, da daji na kiwo, darajar wurin sule 20 a shekara. To a nan ne ɗalibai suke fara tuntuɓe: sai su rubuta cewa mutum 19 ne a garin. Magidanta aka ƙirga, ba a ƙirga mata da yara da tsofaffi ba. Masana kan ninka da huɗu da rabi ko biyar, sai a sami mutum 85 zuwa 95. Ki riƙe wannan darasi, domin shi ne zai warware mana rigimar 350 da 800: kafin ki ɗauki kowace lamba daga tsohuwar takarda, ki tambayi wa ya rubuta, don me ya rubuta, kuma me yake ƙirgawa.

Ta yaya ƙauyen da bai kai mutum 100 ba ya kai ɗari bakwai ko takwas, alhali ƙasarsa tudu ce mai sanyi da ba ta ba da amfanin gona sosai, kuma babbar annobar 1348 zuwa 1349 ta ci aƙalla kashi ɗaya cikin uku na mutanen Ingila a tsakani? Dalma ce. A wannan yanki akwai wata tsohuwar al'ada, wadda wani binciken sarauta da aka yi a Ashbourne a 1288 ya tabbatar da ita: duk wanda ya ga dama yana iya neman jijiyar dalma, in ya samu ya yi rajistarta wurin jami'in kotun mahaƙa, ya riƙa fitar da kason sarki, sauran nasa ne. Wannan ya buɗe wa marar gona ƙofa. Mutum na da 'yar saniya ko tumaki kaɗan, da ɗan fili a bayan ɗaki, yana shiga rami da safe, matarsa da 'ya'yansa suna wanke abin da aka haƙo suna tsincewa. Ƙarni na 17 kuwa lokacin kasuwar dalmar Derbyshire ne, ana yin rufin gini da ita da bututun ruwa da harsashi, ana fitar da ita har ƙetare. Garin da ke da irin wannan sana'a yana ɗaukar baki fiye da abin da gonarsa za ta iya ciyarwa, kuma yana dogara da hatsin da ake sayowa daga kasuwannin maƙwabta. Wannan batu na abinci zai dawo mana idan mun zo kan killacewar.

Yanzu lambobin. Ingila ba ta yi ƙidayar jama'a ta ƙasa ba sai 1801, saboda haka babu wanda ya bi Eyam gida gida a 1665. Adadin 350 ya fito ne daga William Wood, wani ɗan garin da ya rubuta tarihinsa a 1842, shekara 176 bayan abin ya faru. Wood ya yi aiki mai daraja. Shi ya tattara labaran baka daga tsofaffi, kuma yawancin abin da ake ba baƙi labari yau daga gare shi aka gada. Amma 350 ɗinsa kiyasi ne, 83 ɗin kuma ragowar lissafi ce bayan an cire matattu daga kiyasin. Ba sunayen mutum 83 aka jera aka ce su kaɗai suka rage ba.

Hujja ta farko a kansa ita ce harajin murhu. Daga 1662 zuwa 1689 gwamnatin Ingila tana karɓar sule 2 a shekara a kan kowane murhu da ke cikin gida, an kuma yafe wa matalauta. Takardar Eyam ta 1664, shekara guda kafin annobar, ta nuna gidaje 160: 59 masu biya, 101 da aka yafe wa. Matsakaicin gida a Ingila ta wancan zamani bai kai mutum biyar ba, masana tarihin jama'a na Kambirij sun tsayar da shi wajen 4.75. Ki ninka 160 da wannan, za ki sami 760. In kin matse kin ninka da 4.25, 680 ne. In kin sassauta zuwa 5, 800 ne. Ko ta ina kika bi ba za ki sauko kusa da 350 ba. Ki kuma tuna cewa duk inda ƙidaya ta haɗa hanya da haraji, raguwa take yi, domin mutane ɓuya suke yi, mai rubutu ma ba ya wahalar da kansa a kan wanda ba zai biya ba. Sannan ki dubi rabon da kyau: gida 101 cikin 160 ba su da ƙarfin biyan sule biyu. Wannan shi ne hoton garin na gaskiya, ƙauyen mahaƙa talakawa masu murhu ɗaya, iyali duka a ɗaki ɗaya ko biyu.

Hujja ta biyu daga bakin wanda ya ga abin da idonsa take. Limamin cocin, William Mompesson, ya rubuta wa wani ɗan'uwansa wasiƙa a watan Nuwamba 1666, ya ce cutar ta shiga iyalai 76 a yankinsa, mutum 259 suka mutu. Ni wannan ce hujjar da na fi so, domin lissafi ne da kowa zai iya yi. Da a ce garin 350 ne, in kin raba da 4.75, gidajensa ba za su wuce 74 ba. Ke nan cutar ta shiga gidajen da suka fi na garin duka yawa, abin da ba ya yiwuwa. In kuwa gidajen 160 ne ko fiye, to 76 bai kai rabi ba, sauran kuma ba su binne kowa da wannan cuta ba. Ki kuma raba 259 da 76: fiye da mutum uku a kowane gidan da ta shiga. Wannan ya gaya miki yadda cutar ta yi aiki. Ba ta bi gari tana ɗaukar ɗaya ɗaya ba. Gidan da ta shiga takan kusa share shi, na kusa da shi kuma ya kwana lafiya.

Hujja ta uku rajistar coci ce. Tun 1538 aka umurci kowace coci a Ingila ta riƙa rubuta baftisma da aure da jana'iza, ta Eyam da ta tsira kuma ta fara daga 1630. Akwai wata dabara da masana tarihin jama'a suke amfani da ita: a ɗauki kowane aure, a bi 'ya'yan da aka haifa a ciki, a bi ranar binne kowa, a haɗa da wasiyyoyi da takardun haraji, har a sake gina iyalan garin ɗaya bayan ɗaya. Aiki ne na haƙuri, irin tsintar tsakuwa a shinkafa, musamman a garin da John da Elizabeth suka cika kowane gida. Masu binciken tarihin garin sun yi wannan aiki, kuma a kansa Lilith Whittles da Xavier Didelot suka gina nazarinsu na 2016: mutum kusan 700, matattu 257, wato kashi 37 cikin 100. Waɗanda aka gano sun tsira, da sunayensu, sun haura 400. Inda aka sami mutum ɗari huɗu da sunaye, batun 83 ya ƙare.

Za ki ga adadin matattun ma yana motsi: 257, 259, 260, a allon da ke cikin cocin kuma sunaye 273. Kada wannan ya dame ki. Rajistar ba ta faɗin abin da ya kashe kowa da kowa, kuma a wata goma sha huɗu dole wasu su mutu da tsufa ko haihuwa ko wata cuta daban. Wani ya haɗa da su, wani ya cire. Haka kuma yankin da cocin ke kula da shi ya fi ƙauyen faɗi, ya haɗa da Foolow da ɓangaren Grindleford, saboda haka ki tabbatar matattun da kike rabawa da rayayyun da kike rabawa da su na iyaka ɗaya ne. Yawancin rikicin lambobin ƙauyuka, a ko'ina, daga nan yake tasowa.

Abin da ya faru kuwa, a taƙaice. A 1665 annoba tana cin Landan, rajistar birnin ta nuna mutum 68,596, ana kuma ganin ainihin adadin ya kusa 100,000. Labarin garin ya ce an aiko wa wani tela, Alexander Hadfield, ƙunshin yadi daga Landan, mai taimaka masa George Viccars ya buɗe ya ga ya yi danshi, ya shanya a gaban wuta. An binne Viccars ranar 7 ga Satumba 1665. Binnewar tana rajista. Ƙunshin yadin labarin baka ne, ki rubuta shi a matsayin haka. Mutum 6 suka mutu a Satumba, 23 a Oktoba, sai sanyin hunturu ya kwantar da abin, kowane wata ƙasa da goma, har mutane suka fara sakin jiki. A watan Yuni 1666 ta taso da ƙarfi. Yuli ya ci 56, Agusta ya ci fiye da 70. An binne na ƙarshe ranar 1 ga Nuwamba. A lokacin ba wanda ya san sababin. Sai 1894 Alexandre Yersin ya gano ƙwayar cutar a Hong Kong, a 1898 kuma Paul-Louis Simond ya nuna rawar da ƙumar ɓera ke takawa. Abin da mutanen Eyam suka sani shi ne zazzaɓi, da kaluluwa a hammata ko matsematsi, da mutuwa cikin 'yan kwanaki.

A ƙarshen Yunin ne aka rufe garin. Mompesson baƙo ne, ya zo a 1664, bai kai shekara talatin ba. Wani tsohon limamin cocin, Thomas Stanley, an tuɓe shi ne saboda ya ƙi bin tsarin ibadar da gwamnatin Sarki Charles na Biyu ta wajabta, amma yana zaune a garin kuma jama'a na jin maganarsa. Su biyun, da ke kan aƙida daban, suka haɗa kai a kan abubuwa uku: kowane gida ya binne nasa kusa da gida, a daina taruwa a cikin coci a koma ibada a wani kwari a fili da tazara tsakanin iyalai, kuma ba shiga ba fita. Ki tuna garin ba ya ciyar da kansa. Abin da ya sa rufewar ta yiwu shi ne basaraken Devonshire da ke Chatsworth ya ɗauki nauyin aiko da abinci, maƙwabta kuma suna ajiye kaya a bakin iyaka. Akwai dutse a hanyar Stoney Middleton mai ramuka, inda aka ce ana zuba ruwan khal, wato ruwan tsami, a jefa kuɗin kayan a ciki. Duk Musulmin da ya ji wannan zai tuna hadisin ɗa'un, cewa in kun ji ta a wata ƙasa kada ku shiga, in ta sauka kuna ciki kada ku fita. Ba daga nan suka ɗauko ba, amma hikimar ɗaya ce, kuma kina iya ambatonta a rubutunki.

Wuri biyu nake so ki taka a hankali. Na farko, labarin cewa gari duka ya taru ya zaɓi mutuwa da son ransa an ƙawata shi ne daga baya, musamman a ƙarni na 19. Masanin tarihi Patrick Wallis ya nuna haka a 2006. Tun 1604 akwai doka a Ingila da ta ba hukuma ikon kulle gidan da annoba ta shiga da ƙarfi, maƙwabtan garuruwa ma ba sa barin wanda ya fito daga wurin annoba ya shigo musu. Wasu masu hali sun fice kafin a rufe, shi kansa Mompesson ya tura 'ya'yansa biyu waje. Matarsa Catherine ta ƙi tafiya, ta mutu a Agusta. Talaka mai murhu ɗaya ba shi da inda za shi. Ban ga wannan ya rage darajar waɗanda suka zauna ba. Sun riƙe iyakar wata huɗu suna binne 'ya'yansu da hannunsu, kuma ba a ga irin wannan ɓarna a garuruwan da ke kewaye ba. Amma ke mai nazarin lafiyar al'umma ce, dole ki faɗi wanda ya sami hanyar fita da wanda bai samu ba.

Na biyu, za ki ci karo da masu cewa rufewar ce ta jawo yawan mutuwar, tunda watannin da suka fi muni sun biyo bayanta. Ki yi hattara da wannan, domin annobar a Ingila dama a lokacin zafi take tashi, ta Landan ma a ƙarshen zafin 1665 ta kai ƙololuwa. Abin da nazarin 2016 ya nuna ya fi amfani: kusan kashi uku cikin huɗu na kamuwar daga mutum zuwa mutum ne, sauran daga ɓeraye, haɗarin ya fi tsanani a cikin gida ɗaya, talauci yana ƙara shi, yara kuma sun fi manya kamuwa. An tsare maƙwabtan garuruwa, amma a cikin garin mai lafiya da marar lafiya suna kwana ɗaki ɗaya. Gidan Hancock, a wata gona da ake kira Riley a gefen gari, shi ne misalin. Tsakanin 3 da 10 ga Agusta 1666 Elizabeth Hancock ta rasa mijinta da 'ya'ya shida. Kaburburan suna nan a tsakiyar fili, an kewaye su da 'yar katangar dutse. Duk lokacin da na koyar da lissafin "mutum uku a kowane gida", wannan mata nake sa ɗalibai su tuna, don kada lambar ta zama lamba kawai.

Garin bai mutu ba, kuma wannan ma hujja ce. Mutum 83 ba za su iya tayar da ramukan dalma ba. Zawarawa maza da mata sun sake aure, gidajen da suka zama kango sun sami masu shiga, haƙa ta ci gaba tana jawo baƙi. Cikin 'yan shekaru, a farkon shekarun 1670, iyalin Wright suka gina babban gidan da ake kira Eyam Hall a tsakiyar gari. Mompesson ya bar garin a 1669 ya koma Eakring, Stanley ya mutu a Eyam a 1670. Daga baya da dalma ta ja baya a ƙarni na 19, mutane suka koma saƙa da ɗinkin takalma da fasa dutse, yau kuma baƙi masu zuwa ganin wuraren annobar suna cikin abin da ke riƙe garin.

A rubutunki ki sa haka: kusan mutum 260 cikin kimanin 700 zuwa 800, ki ambaci harajin murhu na 1664 da wasiƙar Mompesson da rajistar coci, ki kawo 350 ɗin a matsayin kiyasin 1842 da bincike ya gyara. In kuma malaminki ya tambayi yawan mutanen garin a yanzu, ƙidayar 2011 ta sami mutum 969. Ingila a wannan tsakani ta tashi daga mutum miliyan biyar da 'yan kai zuwa miliyan 53, Eyam kuwa abin da ta ƙara a kan na 1664 bai kai mutum ɗari uku ba.